Rediyon manya a Amurka: masu sauraro na tsufa, tasha na ƙin tsufa

A ranar 23 ga Janairun 1984 wata tashar rediyo a birnin New York, mai watsa shiri a kan mita 106.7 a zangon FM, ta tattara faya-fayan kantiri da take sakawa ta ajiye gefe, ta fito da sabon suna, Lite FM. Alkawarin da ta yi wa mutanen birnin gajere ne. Babu hayaniya, babu mai gabatarwa da zai riƙa ihu a kunnen mutum, babu gangar da za ta firgita wanda ke tsakiyar aiki. Abin da ke fita daga cikinta a shekarun farko muryoyin su Barbra Streisand ne da Neil Diamond da Barry Manilow, da wa da ƙanwar nan da ake kira The Carpenters. Waƙoƙin soyayya ne masu tafiya a hankali, fiyano a gaba, goge a baya.

Tashar na nan har yau da sunanta, kuma tana cikin waɗanda suka fi yawan masu sauraro a birnin. Amma wanda ya murɗo ta da rana tsaka zai ci karo da Taylor Swift da Ed Sheeran da Adele, a tsakani kuma a jefo masa Bon Jovi da jitarsu mai ƙara, ko wata waƙar rawa ta Madonna. Waɗannan biyun, lokacin da suke tashe a shekarun 1980, su ne ainihin hayaniyar da aka kafa tashar domin mutum ya guje mata. Su Manilow kuwa an daɗe da sallamarsu daga shirin rana.

Salon ya girmi tashar. Tun da kiɗan rok ya mamaye Amurka a tsakiyar shekarun 1950, iyaye suka rasa inda za su kai kunnensu, domin tashoshin da ke bin waƙoƙin yayi sun koma hannun matasa. A watan Yulin 1961 mujallar Billboard ta buɗe wa waƙoƙin manya jadawalinsu daban, ta kira shi Easy Listening. Ya sha sauya suna kafin a watan Afrilun 1979 ya tsaya a kan Adult Contemporary, wanda ma'aikatan rediyo ke taƙaitawa da AC. Sai dai abin da ya ba wannan kiɗa gida na kansa wata doka ce. A tsakiyar shekarun 1960 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta hana gidajen rediyo na manyan birane su riƙa maimaita shirin zangonsu na AM gaba ɗaya a kan FM. Masu gidajen suka tsinci kansu da sa'o'i fanko da dole a cike, ba kuma sa son ɗaukar sabbin ma'aikata.

Nan wasu kamfanoni suka ga kasuwa. Jim Schulke, da kamfanin Bonneville, suka shiga haɗa kiɗa a manyan faya-fayan tef suna aika wa tashoshi, na'ura tana juyawa dare da rana. Yawancinsa kiɗa ne zalla babu murya, irin na ƙungiyoyin Mantovani da Percy Faith da 101 Strings, a ɗauko sananniyar waƙa a mayar da ita goge da sarewa. Schulke ya yi suna wajen tsauri. Yakan jera kiɗan kashi-kashi na kwata-kwatan awa, kowane kiɗa ya miƙa wa na gaba ba tare da kunne ya ji tuntuɓe ba, ya taƙaita yawan talla, ya hana mai gabatarwa surutu. A shekarun 1970 irin waɗannan tashoshi sun riƙa zama na ɗaya ko na biyu a birane da dama. Ana jin su a ofis, a banki, a ɗakin jira na likitan haƙori.

Ba rashin masu sauraro ne ya kashe su ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tarihin. Masu sauraron suna nan, sun dai manyanta ne. Kamfanonin talla a Amurka suna sayen lokaci ne bisa rukunin shekaru, rukunin da suka fi zuba wa kuɗi kuma shi ne na shekara 25 zuwa 54, a bisa imanin cewa su ne ke sayen mota da gida da kayan yara, kuma su ne ake iya janyewa daga wani kamfani zuwa wani. Mutum na cika 55, ko da shi ne ya fi kowa riƙe tashar, ko da aljihunsa ya fi na ɗansa nauyi, ya fita daga lissafi. Saboda haka tashoshin goge suka fara zubar da kayansu ɗaya bayan ɗaya. KOST ta Los Angeles ta sauya a watan Nuwamban 1982 ƙarƙashin Jhani Kaye, ta koma waƙoƙin murya masu sanyi. WRFM ta New York, wadda ta yi shekaru tana cikin na gaba-gaba da kiɗan goge, ta bi sahu a 1986.

Mace mai shekara 40

Masu tsara shirin irin waɗannan tashoshi ba sa ɓoye wanda suke nema. Mace ce, tsakanin talatin da wani abu zuwa arba'in da wani abu, tana aiki, galibi tana da yara, tana kunna rediyo a mota da safe, ta bar shi a kunne a teburinta har a tashi. Suna kuma aiki da wata fahimta da suka daɗe da yarda da ita, cewa waƙar da ta kama zuciyar mutum tun yana sakandare zuwa farkon shekarunsa na ashirin ita ce ke bin sa har tsufa.

To a yi lissafi. Mai shekara 40 a 1984 an haife ta a 1944, ta cika 18 a 1962. Kunnenta ya buɗe kafin The Beatles su iso Amurka. Mai shekara 40 a 2004 ta cika 18 a 1982, da Michael Jackson da Prince da tashar talabijin ta MTV ta tashi, kiɗa mai bugu bai taɓa zame mata abin tsoro ba. Mai shekara 40 a 2024 kuwa ta cika 18 a 2002, a zamanin Britney Spears da Destiny's Child da Eminem. Tashar ba ta bin mace ta farko zuwa shekara 60 da 80. Tana tsaye a kan shekara 40, mata na shigowa suna wucewa, kowace da waƙoƙin ƙuruciyarta. Shi ya sa duk 'yan shekaru sai a datse tsofaffin waƙoƙi daga ƙasa. An fara zubar da na 1960, daga baya na 1970 suka bi su in ban da ƙalilan. Abin mamaki, na 1980 sun ƙi tafiya. Sun zarce wa'adin da lissafi ya yanka musu, domin yaran da ba a haifa ba lokacin da aka yi su sun same su a fina-finai da bukukuwa da motar iyaye, suna kuma ba su maki mai kyau duk lokacin da aka tambaye su.

Tambayar kuwa sana'a ce mai zaman kanta. Yadda aka saba yi shi ne kamfanin bincike ya tara mutum ɗari ko kusa da haka a zauren wani otal, dukkansu cikin rukunin shekarun da ake so, dukkansu masu jin tashar ko abokiyar gasarta, a biya su ladan zama. Sai a riƙa sako musu amshin waƙa, daƙiƙa bakwai ko goma, a yanke, a sako na gaba. Haka za a yi ta yi har waƙa ɗari biyar ko fiye. Kowa na riƙe da takarda ko 'yar na'ura mai maɓallin murɗawa, yana amsa abu uku: ka san ta, kana son ta, ta gundure ka? Waƙar da mutane ba su gane ba cikin daƙiƙa goma ta faɗi. Wadda rabin zaure ke mutuwar so, rabi kuma ba sa ƙaunar ji, ita ma tana cikin haɗari, domin abin da mai tsara shiri ya fi tsoro shi ne hannun da zai miƙa ya sauya tasha. Yanzu yawancin wannan gwaji ya koma intanet, amma tambayoyin ba su canza ba. Abin da ya tsira, sau da yawa waƙa ɗari biyu zuwa uku, shi ne kayan tashar na watanni masu zuwa.

Daga nan sai kwamfuta ta karɓa. Tun 1979 da Andrew Economos ya fito da manhajar Selector, jera waƙoƙi ya fara barin hannun mai gabatarwa. Ana zana awa guda kamar fuskar agogo, a raba ta gida-gida: nan sabuwar waƙa, nan wadda ta yi tashe bara, nan ta 1980, nan talla. A gindaya wa manhajar sharuɗa. Kada waƙoƙi biyu masu jan jiki su biyo juna. Kada mawaƙi ɗaya ya dawo kafin a yi kaza. Waƙar da ta fito ƙarfe takwas na safiyar yau kada ta fito ƙarfe takwas na gobe, don mai tafiya aiki kada ya ce kullum abu ɗaya ake sa masa. Muryar da ke magana tsakanin waƙoƙi ba ita ta zaɓe su ba, ko da ta yi magana kamar ita ta zaɓa.

Sunan da za a iya tunawa

Sunayen nan masu laushi, Magic da Lite da Coast da Sunny da Warm, suna da dalili na kasuwa. Shekaru da yawa kamfanin Arbitron yana auna masu sauraro ne da ɗan littafi. A aika wa gidaje, mutum ya riƙa rubuta tashar da ya ji da lokacin da ya ji ta, tsawon mako guda. Mutane da yawa ba sa cikewa sai mako ya zo ƙarshe, su zauna su rubuta abin da suka tuna. Tashar da sunanta haruffa huɗu ne marasa ma'ana tana iya yin asarar mai sauraron da ya wuni da ita. Wadda ke da gajeren suna mai bayyana yanayinta, wanda ake maimaitawa bayan kowace waƙa biyu, ita alƙalami zai rubuta. WMGK ta Philadelphia ta ɗauki Magic tun 1975, WMJX ta Boston ta bi ta a 1982, WLIT ta Chicago ta zama Lite a 1989. Haka kuma aka riƙa cusa wa mutane cewa wannan ce tashar wurin aiki, wadda kowa a ofis zai yarda da ita, saboda wanda ya rubuta ƙarfe tara zuwa biyar a littafinsa ya ba tasha sa'o'i takwas a layi ɗaya.

Amma sunan da ya yi shekara ashirin yana tara jama'a yakan fara ɗaukar kamannin jama'ar da ya tara. A farkon shekarun 1990 wani reshe na salon ya ɓalle, mai zafi-zafi, wanda KHMX ta Houston ta yi fice da shi da sunan Mix, don matan da suka girmi tashar matasa amma ba sa son a haɗa su da tashar iyayensu. Ita Lite FM ta New York, musamman daga 1996 da Jim Ryan ya karɓi ragamar shirinta, ta yi ta ƙara wa kiɗanta gudu a hankali, har a farkon shekarun 2000 ta taɓa zama tashar da ta fi kowace samun kuɗin talla a Amurka. Duk da haka, a watan Janairun 2007 kamfanin CBS ya buɗe mata kishiya a mita 102.7 da sunan Fresh, kuma duk tallar sabuwar tashar a kan abu guda ta ginu, cewa waccan ta tsufa. Harin ya yi tasiri, domin a cikin shekarar Lite ta ɗan ajiye sunanta, ta koma kiran kanta da lambar mita, kafin ta dawo da shi. Lite ta Chicago ta fi nisa. A 2013 ta zama My FM, ta yi shekara huɗu a haka, a ƙarshen 2017 ta koma tsohon sunanta, wanda mutanen gari ba su daina kiran ta da shi ba.

A daidai wannan lokaci hanyar awon ita ma ta sauya. Daga 2007 Arbitron, wanda kamfanin Nielsen ya saye a 2013, ya fara maye gurbin littafin a manyan birane da wata 'yar na'ura da mutum ke ratayawa a jiki. Kowace tasha na ɓoye wata alama a cikin sautinta wadda kunne ba ya ji, na'urar kuma na ɗauka. Ba a ƙara tambayar mutum abin da ya tuna ba. Duk abin da ya shiga kunnensa, a shago ko a ofis ko a motar wani, an rubuta. Tashoshin AC sun ci ribar wannan sosai, don su ne ake kunnawa a wuraren jama'a. Sai dai na'urar ta nuna wa masu tsara shiri minti da minti inda mutane ke gudu, abin da suka karanta a ciki kuma shi ne dogon surutu da waƙa mai jan jiki suna korar jama'a. Aka rage magana, aka ƙara gudu, kalmar sanyi ta ɓace daga taken tashoshi da yawa, aka maye ta da alkawarin waƙoƙi iri-iri na 1980 zuwa yau. Wani salo maƙwabci, jaz mai laushi, bai tsira ba a manyan birane da dama. Tasharsa ta New York ta rufe shi a 2008, ta Chicago da ta San Francisco a 2009.

Mallakar tashoshi ma ta taru a hannu kaɗan. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, cikin 'yan shekaru Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya tara fiye da 1,200. Tashar Ohio da ta Arizona suka koma kusan jerin waƙoƙi ɗaya.

Sakamakon duk wannan taka-tsantsan yana bayyane a jadawalin Billboard. A 1968 kiɗan Paul Mauriat mai suna Love Is Blue ya yi mako 11 a saman jadawalin, aka ga abin a matsayin gagarumi. A 2002 Celine Dion ta yi mako 21 da A New Day Has Come. Uncle Kracker ya yi 28 daga 2003 zuwa 2004, Maroon 5 suka yi 36 daga 2018 zuwa 2019, sannan Flowers ta Miley Cyrus ta haura mako 50. Ba wai waƙoƙin sun fi na da daɗi ba ne. Tashoshin ne ba sa karɓar sabuwar waƙa sai ta gama cin kasuwa a wasu wurare, idan kuma suka karɓa ba sa saki. A da salon yana da taurarinsa na kansa, su Anne Murray da Air Supply da Michael Bolton da Celine Dion, waɗanda faya-fayansu suka iso har shagunan kaset na Legas da Kaduna. Yau kusan ba ya haifar da kowa, jira yake tashar matasa ta gama da waƙa ya ɗauka. A ganina wannan asara ce ta gaske, domin mawaƙin da ke rera wa babban mutum waƙa a kan aure da rabuwa da rainon 'ya'ya ya rasa babbar ƙofar da yake shiga.

Ban yarda da masu raina salon ba, masu cewa kiɗan ɗakin jira ne kawai. Wanda ya saurari abin da ke faruwa bayan faɗuwar rana zai gane dalili. Tun 1996 shirin wata mai gabatarwa mai suna Delilah ke fita a tashoshi da dama a faɗin Amurka. Mutane na bugo waya, wannan mijinta soja ne yana nesa, wancan ya rabu da matarsa yana neman hanyar ba da haƙuri, wata ta binne mahaifiyarta makon jiya. Ta saurare su, ta zaɓo musu waƙa. KOST na da nata shirin waƙoƙin soyayya na dare da ta daɗe tana yi. A tashoshin baƙaƙen fata kuwa abin ya faro tun 1976, lokacin da Melvin Lindsey, yana ɗalibi, ya fara shirin Quiet Storm a WHUR ta Jami'ar Howard da ke Washington, shirin da ya ari sunansa daga faifan Smokey Robinson, ya kuma zama salo a birane da yawa. Duk wanda ya tashi da Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna ya san abin da ke sa mutum ya so a ambaci sunan wani nasa a iska kafin a sa waƙa. A waɗannan sa'o'i ne tsofaffin waƙoƙi masu jan jiki ke samun izinin dawowa.

Sai kuma ƙarshen shekara. Daga watan Nuwamba tashoshin AC da yawa kan ajiye jerinsu gaba ɗaya su koma waƙoƙin Kirsimeti dare da rana, al'adar da ta bazu sosai daga 2001. Masu sauraro kan ƙaru ƙwarai a makonnin nan, a wasu birane har su ninka. Nan za ka ji Bing Crosby da Nat King Cole da Andy Williams da The Carpenters, mutanen da gwajin zaure ya kora tun tuni, suna jan jama'a fiye da taurarin bana. Ranar 26 ga Disamba a mayar da su akwati.

Gurbin da aka bari bai zauna fanko ba. A Tampa ta jihar Florida, inda 'yan fansho suka yi yawa, WDUV mai laƙabin The Dove ta yi shekaru tana kan gaba da waƙoƙin da sauran suka zubar. A Miami aka buɗe Easy 93.1 a 2010, ta samu karɓuwa. A 2016 iHeartMedia ta mayar da KISQ ta San Francisco zuwa The Breeze, a ƙarshen 2017 Seattle ta samu The Sound, zuwa Nuwamban 2018 kuma Philadelphia da Detroit kowace ta samu tata Breeze. Aka dawo da Lionel Richie da Whitney Houston da Phil Collins da Chicago, aka dawo da maganar hutu da kwanciyar hankali a taken tasha ba tare da jin kunya ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne abin da aka gani a Spotify da YouTube, inda jerin waƙoƙin natsuwa da na aiki da na barci ke tara jama'a, ciki har da matasa. Mutane ba su daina son sanyi ba, rediyo ne ya ji tsoron sunan.

Wannan dawowa ba ta warware tsohuwar matsalar ba. Tashoshin sun tara kunnuwa, amma kaso mai yawa na kunnuwan sun haura 54, masu talla kuma ba su sauya ma'auninsu ba. Breeze ta Detroit ta yi shekara biyu kacal, a Nuwamban 2020 aka mayar da ita tashar rok. Ta Philadelphia ta kai 2022, aka mayar da ita tashar waƙoƙin Sifaniyanci. Ta San Francisco da ta Miami sun ɗore, kuma su ma sun fara abin da magabatansu suka yi: suna rage na 1970, suna shigo da na 1990 da na 2000, suna ɗan ƙara gudu, domin mai shekara 40 ta bana ta iso, tana kuma son ta ji Backstreet Boys da Alicia Keys.